Kafin Ki Hana Littafi, Ki Buɗe Shi

Yau ina so mu tattauna a kan littattafan soyayya na sababbin marubuta, domin a nan Ɗanbatta abin ya fara haɗa uwa da 'ya faɗa. Uwa ta ce su ke lalata yara, 'ya kuwa ta shige ɗaki da waya ta ce wai tana nazari. Ni dai a ganina, uwar da Allah ya ba ta karatu ba ta da hujjar hana littafin da ba ta buɗe ba.

Ku sani ba yau aka fara ba. Tun shekarun 1930 aka buga Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, labarin saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. A 1980 Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya. Sa'an nan ga Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya a 1987, ga Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a 1991, ga Bilkisu Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Waɗannan da mu ke kira manya yau, a zamaninsu su ne sababbi, kuma sun sha zagi ƙwarai. Har aka laƙaba wa aikinsu suna Adabin Kasuwar Kano, watau kayan talla ne kawai. A 2007, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan da aka karɓe hannun 'yan makaranta a Kano aka cinna musu wuta. To, karatun ya mutu? Ko kusa. Bayan 'yan shekaru sai labari ya koma cikin waya, inda ashana ba ta kai.

Mu da mu ka tashi da na takarda, mu kan jira ranar Lahadi, ranar kasuwa, a aiki yaro ya sayo na ɗaya, a ce na biyu sai wani mako. Littafi ɗaya ya zaga gida biyar har bangonsa ya cire. Na san matan da ba su wuce firamare ba, amma da waɗannan littattafai bakinsu ya faɗa da karatun boko. Kuma a lokacin uwa tana ganin abin da ke hannun 'yarta. Yanzu fa? Marubuciya tana zaune a ɗakinta, ta rubuta shafi ta saki a WhatsApp ko Wattpad, gobe ta saki wani. Na farko kyauta, in labari ya yi daɗi sai a ce a biya kuɗi. Ba mai dubawa, ba mai gyara. Shi ya sa waɗansu ke cusa batsa don su ja masu saye. Wannan gaskiya ne, ba na ɓoye muku.

Amma na zauna na karanta da dama, kuma lalle akwai masu hannu a cikinsu. Akwai masu rubuta zafin saki, da zaman kishi, da halin yarinyar da aka cuta aka ce ta yi shiru don kada gida ya ji kunya, abubuwan da mu kan faɗa da raɗa a gidan biki. Tun da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, an ga cewa 'yan matanmu sun iya riƙe alƙalami.

Abin da ya fi damuna ba batsar ba ce ma, domin ita ko yarinya ta san ba ta da kyau. Wani labari ne guda da na yi ta cin karo da shi, suna kawai a ke sakewa. Saurayi ɗan attajiri, gida a Abuja, hutu a Dubai, miskili ba ya dariya. Yarinya talaka, sau da yawa 'yar aiki daga ƙauye. Ya zage ta, ya kira ta ƙazama, har ya mare ta, ita kuwa sai kuka da haƙuri. Can wajen ƙarshe ciwo ya kama shi, ya gane ashe ita ya ke so, a kai ta gidan bene. Haba! Yarinya mai shekara 15 ta karanta irin wannan sau ashirin, me ku ke tsammani za ta ɗauka? Za ta ɗauka wulaƙanci shi ne ƙofar so. Ran da aka kai ta ɗaki miji ya ɗaga mata hannu, sai ta zauna tana jiran shafin ƙarshe, shi kuwa ba ya zuwa. Kuma saurayin kirki da ya zo zance a kan babur, da ƙurar gona a ƙafarsa, sai ta ga bai cika mutum ba.

Ku gwada da Abu ta cikin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba. An cire ta daga makaranta aka ba tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita ma ta sami mai so, amma sai da ta zama wani abu da kanta. Ni ma'aunina ke nan in na ɗauki sabon littafi: in aka cire namijin daga labari, me ya rage wa yarinyar? In ba kome, na ajiye.

Ran nan na karɓi wayar 'yar ƙanwata mu ka karanta shafi uku tare. Da mu ka zo wurin mari na ce, "Ke, in ke ce za ki zauna?" Ta yi dariya ta ce ai labari ne. Na ce, "To, me ya sa ki ke ta addu'a su shirya?" Ta yi shiru. Kwana biyu bayan haka ita ta kawo mini wani da kanta, ta ce in duba mata wannan. Da na ƙwace wayar tun farko, da wa za ta kai wa?

Ku kuma 'yan makaranta masu cika bayan littafin lissafi da labari, na san kuna nan. Abuja ta sami masu rubuta ta. Har yanzu ina neman labarin yarinyar da ke taya uwarta suyar ƙuli-ƙuli daren Asabar don kasuwar gobe, tana kuma shirin jarrabawa, ga wani ɗalibin Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako yana ta zarya a ƙofar gida. Wadda ta rubuta, ta aiko wa filin nan da shafin farko, ni zan fara karantawa.