Na ɗora wa bindiga laifin idona

Lokacin da nake karatu a Jamus na shiga wani kulob na masu wasan harbi, inda ake harba ƙaramar bindigar iska da hannu ɗaya daga nisan mita 10, irin wadda ake gasa da ita a Olamfik. Da'irar tsakiyar takardar da ake harbi, mai maki goma, faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Wata biyu ina zuwa, harbina a warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba.

Laifi tudu ne. Na yanke hukunci bindigar kulob ce ta karkace. Ran nan na faki idon kowa, na sa sukudireba na yi ta murɗa saitin baya, hagu da dama, har na manta inda na same shi. Washegari wata yarinya da ke shirin gasa ta ɗauki bindigar. Harbinta biyar na farko duk suka taru a gefe guda, nesa da tsakiya. Da kocinmu, wani dattijo, ya tambayi wanda ya taɓa saitin, sai da na yi jim kafin na ɗaga hannu.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi in ɗaga bindiga in faɗa masa abin da nake gani tar. Na ce baƙin da ke jikin takarda. Ya ce to nan cutar take. Ido ba ya iya kama abu uku masu nisa daban-daban a lokaci guda: tsagar baya, ɗan tsinin gaba, da takarda. Tsinin gaba ake zuba wa ido, kansa ya yi daidai da kafaɗun tsagar, hasken da ke gefensa biyu ya zama ɗaya. Takarda kuwa a bar ta dishi-dishi. Shi ya sa ake ƙera tsinin baƙi, mai shafaffen kai da kaifin gefe, ba don ado ba.

Ya yi mini lissafi a bayan wata tsohuwar takarda. Tsakanin saitin biyu kusan santimita 35 ne, don haka kaucewar milimita ɗaya a tsini tana zama kusan santimita uku a mita 10. Mai goma ya koma bakwai ke nan.

Na ba yarinyar haƙuri. Ita ta gyara saitin da kanta, cikin minti goma, ina tsaye ina riƙe mata gwangwanin harsashi.