"Chop" a Kasuwar Kejetia

Ɗan'uwa, in ka sauka Kumasi da Turancin makaranta, kalmar "chop" ce za ta fara rikita ka. A littafi sara ne, irin na gatari. A Kejetia kuwa ci ne. "Chop bar" rumfar abinci ce, inda ake kirɓa fufu. Ka dai tambayi irin naman kafin ka sa hannu. "Chop money" kuɗin cefane ne, rashinsa kan hana maigida barci a Zango.

Amma in ka ji 'yan goro na cewa wane ya yi "chop" ɗin kuɗin mutane, to ba tuwo ya saya ba. Cinyewa ya yi, irin cin da mu ma muka sani. Kar ka ba shi kaya bashi.