Kafin a Haƙa Harsashi

Mu biyar mahaifinmu ya bari, Allah Ya jiƙansa, da fuloti guda, ƙafa hamsin da ɗari, can bayan Ɗorayi, wanda ya saya tun wurin yana gonakin dawa. Shekara biyu muna zuba adashi a tsakaninmu don mu raba Inna da gidan haya. Da kuɗi suka ɗan taru a ƙarshen 2023, babu wanda ya tsaya tambayar wa za a ba aikin. Ai ga Baba magini, aminin mahaifinmu tun suna samari, wanda da hannunsa ya gyara masa makwanci ranar jana'iza. Muka ɗauki naira dubu ɗari huɗu muka ba shi kafin alƙalami, ba takarda ba shaida. To, wa zai dubi ubansa ya ce sa hannu a nan?

Yayarmu ce ta fara ganin abin da mu maza ba mu gani ba, ko kuwa muka gani muka kawar da kai. Ta je duba bulon da Baba ya sa aka jibge, ta ɗaga guda ɗaya iyakar ƙugunta ta saki, sai ya tarwatse kamar ƙuli-ƙuli. Masu sana'ar sun ce bai kamata buhun siminti ɗaya ya fitar da bulo mai inci tara fiye da talatin da 'yan kai ba, amma akwai masu bugawa da kan matse hamsin. Kada mai karatu ya zaci Baba cutarmu ya yi. Wallahi sauƙi ya nema mana, wajen mutumin da ya saba saye ya je, aka yi masa ragi, ya dawo yana murna.

A wannan zuwan ne kuma wata maƙwabciya ta nuna wa Yaya shatin ruwa a jikin katangarsu, ya kai gwiwa. Ashe kwari ne wurin, duk damina ruwa yakan kwana. Da muka tuntuɓi Baba, sai ya ce ƙafa biyu ya saba haƙawa shekara arba'in, kuma bai taɓa jin gininsa ya faɗi ba. Zane fa? Ya nuna kansa da yatsa. Takardar izinin gini ta hukumar KNUPDA fa? Ya yi dariya, ya ce a zamaninsu mai unguwa kawai ake gaya wa. Mu kuwa mun sha ganin jan fentin hukumar a bangon mutane.

Nan fa aka shiga cacar baki a gida. Babban wanmu ya ce da a ce mun wulaƙanta aminin ubanmu gara a haƙura da ginin. Autanmu ya ce bango bai san kunya ba. Sauran muka yi ta rarrashi, muna cewa a bari sai Juma'a, Juma'a ta zo mu ce a bari sai wata. Muna cikin wannan jan ƙafa farashin siminti ya tashi daga wajen naira dubu biyar, a watan Fabrairun 2024 ya haura dubu goma. Kuɗin da muka ware don buhu ɗari ya koma na hamsin muna zaune muna kallon juna. Mu da muke rubuta jarumai masu faɗin gaskiya a gaban sarki, ga shi mun kasa tsallaka layi biyu mu faɗa wa dattijo magana ɗaya.

Inna ce ta raba gardamar. Ta ce, "Ku kuna jin kunyarsa, ni kuwa ni zan kwana a ƙarƙashin rufin. Ku ɗauki kawunku ku je."

Bayan la'asar muka same shi a zaure. Aka gaisa, aka yi wa mamaci addu'a, Kawu ya kewaya ya kewaya, har dai ya sauka a kan maganar: yara sun sami wani injiniya da zai yi zane ya nemo izini, kuma shi da mutanensa yake aiki. Baba ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya dubi babban wanmu ya ce, "Kai ma da bakinka?"

"Baba, a gafarce mu."

"Ba komai. Allah Ya sa alheri."

Ya shiga cikin gida ya fito da leda, ya ƙirga abin da ya rage bayan kuɗin bulo da tifa biyu ta yashi, ko sisi bai ɓata ba. Muka roƙe shi ya riƙe wani abu na wahalarsa, ya ƙi. Da ya zage mu, da ya fi mana sauƙi.

Da sabon mai aikin kam sai da muka rubuta komai: zurfin harsashi, kaurin rodi, yawan siminti a kowane kwaɓi, da biyan kuɗi kashi-kashi, sai an gama mataki an duba sannan a saki na gaba. Bulon Baba aka tsince masu ɗan ƙwari aka yi ɗakin ajiye kaya da su.

Ranar da aka haƙa harsashi, sai ga shi a kan kekensa, ba wanda ya gayyace shi. Ya tsaya a bakin ramin, ya sa sandarsa ya auna, ta shige har ta kusa ɓacewa. Ya ce wa injiniyan, "Yaro, kabari kake haƙa ko gida?" Sai kuma ya tsuguna ya damƙi ƙasar ƙasan ramin, ya murza ta a tafin hannu, ya ga laimar da ke jikinta alhali ana tsakiyar bazara. Bai ƙara cewa komai ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa.

Inna ta tare kafin azumin 2025. Da Sallah ta zuba tuwo a babban kwano ta ce a kai masa, aka rasa mai ɗauka a cikinmu, sai jikanta muka aika.