Tsohuwar A-kori-kura da Aikin Kowace Rana

Idan ka taɓa tsayawa a bakin babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu, ka san irin motocin da ke ɗauke da rayuwar wannan yanki namu. Yawancinsu tsofaffi ne. Akwai Peugeot 504 a-kori-kura, daga zamanin da ake harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, inda aka buɗe masana'antarsu a 1975. Akwai kuma Toyota Hilux ta shekarun 1980 da 1990. Su ne ke kai gero da riɗi kasuwar Sara, su ne kuma ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauyukan Gwaram da tsakar dare zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu. Mai irin wannan mota ba shi da kuɗin sabuwa, balle tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar kome ta ƙaru. Idan injinta ya gaji, hanya ɗaya ta rage masa: ya sauke shi, a kwance shi, a sāke gina shi.

Ni ma cikin waɗannan mutane nake. Motar da nake zagaya ƙananan ikkilisiyoyin ƙauye da ita tsohuwar Hilux ce mai injin da ake kira 22R, mai silinda 4, mai girman lita 2.4, wanda kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1981. Lokacin da aka sāke gina shi na zauna kwanaki a gareji kusa da bakanike ina kallo, kuma abin da na koya a wurin shi ne nake so in raba da kai. A taƙaice, motar da za a hau kullum tana bukatar aminci fiye da ƙarfi, kuma amincin nan yana zaune ne a sassan da ido ba ya gani.

Inji ba ya mutuwa farat ɗaya, yakan yi magana tun da wuri. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa alama ce cewa yana ƙona baƙin mai, wato zoben fistin sun cinye ko robar bawul ta saki. Farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nufin ruwa ya sami hanyar shiga silinda, galibi don gasket ya ƙone. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Mai hikima yakan saurari waɗannan kafin inji ya buga a tsakanin Gwaram da Basirka cikin damina, da mara lafiya kwance a baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da aka kwance injin, abin da ya fara burge ni shi ne bakaniken bai yarda da idonsa ba, ko da yake ya yi shekaru a sana'ar. Kowane abu sai da aka auna shi. Aka auna faɗin silinda, aka tarar ta cinye, sai aka ƙara mata faɗi da rabin milimita aka sa fistin daidai da sabon faɗin. Aka goge karanshaf da rubu'in milimita, aka sa masa ƙarafan da suka dace. Ka duba ƙanƙantar waɗannan awo, ɗan'uwana. Rubu'in milimita bai kai kaurin farce ba, amma shi ke raba injin da zai yi shekaru da wanda zai buga kafin kaka. Haka ƙusoshin kan silinda, ba a ɗaure su yadda aka ga dama. Daga tsakiya ake farawa a nufi gefe, mataki mataki, da sifana mai nuna yawan ƙarfin da aka sa, don kada ƙarfen ya tanƙware.

Irin wannan inji yana da wani ɓoyayyen rauni da masu sana'a suka sani. Sarƙar da ke haɗa karanshaf da abin buɗe bawul tana bin wasu madogarai na roba. Idan suka karye, sarƙar takan yi ta gogar murfinta a ɓoye, har ta huda shi, ruwa ya gauraye da baƙin mai. Mai mota ba zai ga kome daga waje ba, sai dai ɗan ƙara da safe lokacin tayar da inji. Kuɗin canza su kaɗan ne idan aka kwatanta da ɓarnar da suke jawowa. Na daɗe ina tunani a kan wannan. Gidaje nawa ne, ikkilisiyoyi nawa ne, ke tafiya da irin wannan ƙaramar ƙara, gaba tsakanin dattawa biyu ko bashin da ba a biya ba, kowa yana ji, ba mai son a buɗe murfin?

Akwai jaraba da kan zo wa mai gyaran mota a daidai wannan lokaci. Abokai za su ce masa, tun da an riga an sauke inji, me zai hana ya tafi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ya sayo wani babba ɗan Beljiyam wanda ya fi ƙarfi? Shawarar tana da daɗin ji. Sai dai ƙarfin inji ba ya isa ƙasa kai tsaye. Yana bi ta kulochi ya shiga giya, daga giya ya bi farfela zuwa aksul na baya, sa'an nan ya kai ga taya. An ƙera kowane ɗayansu daidai da ƙarfin injin asali. Idan aka ɗora musu wanda ya fi ƙarfinsu, kulochi zai fara zamewa, haƙoran giya su farfashe, mahaɗin farfela ya tsinke, birki kuma ya kāsa tsayar da gudun da ba a yi shi dominsa ba. Ubangijinmu ya taɓa irin wannan gaskiya a Markus sura 2, inda ya yi misali da sabon ƙyalle a kan tsohuwar riga, da sabon ruwan inabi cikin tsofaffin salkuna. Sabon abu mai ƙarfi yakan tona asirin duk wani wuri mai rauni da ke kusa da shi.

Saboda haka kuɗin da zan kashe a kan babban inji, sai na bi da shi ta wannan layi daga farko zuwa ƙarshe. Aka sa sabon faifan kulochi. Aka zubar da tsohon man giya da na aksul, aka duba ko akwai garin ƙarfe a ciki. Aka canza mahaɗan farfela da boris na ƙafafu, aka gyara birki. Ƙarin da aka yi wa motar duk na yanayin ƙasarmu ne: lagireto mai ɗaukar ruwa da yawa saboda zafin bazara, da matatar iska mai kyau saboda ƙurar hunturu, wadda ke cin zoben fistin kamar yadda dutse ke cin wuƙa. Babu ɗaya cikin waɗannan da mai wucewa zai gani ya yaba. Motar tana nan da tsohon fentinta da lotsattsen gefenta. Amma tana tashi da asuba ba sai an tura ta ba.

Bayan an ɗaure inji akwai sauran haƙuri. Kilomita 1,000 na farko ba a cika masa kaya, ba a taka totur har ƙasa, domin sababbin zobe suna bukatar lokaci su zauna daidai da bangon silinda. Daga nan a zubar da baƙin mai na farko, wanda ya kwashe ƙananan ɓarɓashin ƙarfe, a zuba sabo. Wanda ya ɗauki motarsa daga gareji ya loda mata buhunan masara ran nan ya nufi kasuwa, zai iya rushe aikin makonni cikin yini ɗaya. Ya ku dattawa da shugabannin zumuntar mata, ku tuna da wannan sa'ad da wani ya dawo bayan ya daɗe da barin sujada, ko sa'ad da aka sulhunta miji da mata. Gyaran na gaske ne, amma sabo ne. Kada a ɗora masa nauyin ma'aji ko shugabanci tun bai zauna ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Wataƙila kai ma kana ganin kanka kamar tsohuwar mota, shekaru sun ja, ƙarfi ya ragu, matasa suna wuce ka a guje. Kada ka raina kanka, da tsohuwar zuma ake magani. Iyalin da ke jiran mota a ƙauye da tsakar dare ba sa tambayar shekarunta ko saurinta. Abin da suke so su sani shi ne ko za ta zo. A Luka sura 16 an koya mana cewa aminci a kan ƙaramin abu shi ne ma'aunin aminci a kan babba. Direban kirki kuwa kowace safiya yakan ɗaga murfi ya duba ruwa da baƙin mai, ya zagaya tayoyi, kafin ya sa makulli.

Ya Ubangiji, ka buɗe mu ka auna mu, ka gyara abin da ya cinye a ɓoye. Ka ba mu ƙarfi daidai da abin da za mu iya ɗauka, ka sa waɗanda suka dogara gare mu su same mu a ranar bukatarsu. Amin.