Inda Ake Tambayar Alkama Kafin a Ba Ta Taki

A garinmu Gololo da ke Gamawa ba ma sanin hatsi na jin yunwa sai ganyensa ya koma ruwan ɗorawa, sannan a garzaya Azare neman yuriya. Da wannan sabon na sauka Kwarin Yaqui, a jihar Sonora ta Meksiko, cikin watan Janairu.

Alkama ce shimfiɗe iya ganinka, koriya shar, magudanan ruwa sun ratsa ta sambal. Kusa da birnin Obregon akwai tashar binciken cibiyar CIMMYT, wadda aka sa wa sunan Norman Borlaug, mutumin da irin alkamarsa ya kai shi ga lambar Nobel a 1970. Amma abin da ya tsaya mini a rai wata 'yar na'ura ce ta riƙewa a hannu, GreenSeeker, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Jihar Oklahoma.

Tun wajen shuka manomi yake ware ɗan tsiri a gonarsa ya ƙosar da shi da taki, sauran gonar kuma ya ba ta kaɗan. Bayan kamar kwana 40 sai malamin gona ya zo, ya bi saman ganye da na'urar. Tana sakin haske, ganyen ya mayar, ta auna. Ganye mai ƙoshin naitirojin daban yake mayar da haske da mai yunwa. A gwada awon tsirin da na sauran gonar, tazarar da ke tsakani ita ce za ta faɗi yawan yuriyar da za a ƙara. In babu tazara, manomi ya riƙe kuɗinsa. Wallahi na daɗe a tsaye ina kallo, ina tuna buhunan da muke watsawa da ka a fadama.

Ba kuɗi kaɗai manoman Yaqui suke tattali ba. Takin da shuka ba ta ci ba yakan zama naitiret, ruwa ya kwashe shi zuwa Tekun Kalifoniya, ya haddasa gansakuka.

Na'urar tana da tsada, gaskiya ne. Tsirin kuwa 'yan kunyoyi ne kawai, ko da ido ana ganin bambancinsa. Malaman gonarmu na Gamawa, don Allah ku gwada mana shi a noman ranin bana.