Ƙafar gaba

Ranar da Baba ya faɗi da moto ina Yamai, ina fama da wani aiki na darasin ilimin furuci. Ƙanwata ce ta kira ni, kuma abin da ta fara cewa shi ne kada in tada hankalina, wanda kowa ya san ma'anarsa. A hanyarsa ta dawowa daga garka ne, can wajen Jiratawa, da buhun masara ɗaure a baya. Akuya ta gitta, ya kama birkin gaba, sai gaban moton ya nutse kamar raƙumin da aka durƙusar, taya ta kafe cikin rairayi, gido ya ƙwace daga hannunsa. Bai karye ba, alhamdu lillahi. Kafaɗa ce ta gurɗe, gwiwa ta goge.

Kafin in iso Maradi hutu an riga an yanke hukunci a gida. Inna ta ce a saida moton, yayana ya goyi bayanta, wai shekaru sun ja, ido ya rage. Ban ga laifinsu ba. Amma na san Baba. Tun da ya ajiye alli ya bar lakkwal, garkar nan ita ce ke fitar da shi daga gida da asuba. In an raba shi da moto an raba shi da garka ke nan, saura tabarma a zaure da rediyo. Na ga yadda zaman nan ya yi da wasu abokansa.

Kuma ni ina da wani zato da ban faɗa wa kowa ba. Hutun da ya wuce na hau moton, na ji duk ramin da na shiga sai gaban ya ce ƙwas, kamar an buga guduma a ƙarƙashin gido. Na yi shiru a lokacin don kada a ce ni na lalata. Shirun nan ya dame ni sosai bayan faɗuwar.

Moton Baba ɗan Sin ne, irin masu kwaikwayon Suzuki GN125, ƙirar da Japan ta fitar tun 1982. Kujera ƙasa-ƙasa, gido mai tsawo da ya lanƙwaso wajen mai tuƙi, mutum na zaune kamar a kujerar falo. Irin wannan ƙira Amurkawa ke kira kuruza, kuma Harley-Davidson ne sarkinta. Abin da ya bambanta ta da motocin tsere yana ga ƙafafun gaba, wato ƙarafan nan biyu da ke riƙe da taya. A moton tsere sun kusa miƙewa tsaye, karkatarsu wajen digiri 24. A manyan kuruza sukan kai 30, taya ta yi gaba can. Amfanin haka, moto ya natsu a miƙaƙƙiyar hanya, ba ya rawa. Amma in gaba ya nutse farat ɗaya, karkatar nan ta ragu, natsuwar ta tafi, nauyi duka ya koma kan tayar gaba. A kan gudro mutum na iya tsira. A rairayinmu sai dai a ce Allah ya kiyaye.

Duk wannan a waya na karanto shi, dare da yawa a ɗakin kwanan ɗalibai. Na kalli Turawa suna canza resor, suna saka wasu ƙananan bawul na zinariya-zinariya da kuɗinsu ya kusa kuɗin moton Baba gaba ɗaya. Na cika shafi biyu da kalmomi, na Faransanci da na Ingilishi. Dama ina tattara kalmomin aro na masu sana'a don aikina na ƙarshen lisansi, sai na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na ware jika goma sha biyar daga burs ɗina, na tura moton zuwa garejin wani tsohon abokin Baba da muke kira Kawu.

Ya dube ni, ya dubi takardata.

"To, ɗan lakkwal, mi kake so a yi mashi?"

"Kawu, so nake a ƙarfafa gaban. Ya yi tauri, ya bar nutsewa."

"Tauri? In tauri kake biɗa, kawo in walde maka shi, dala ɗari ta ishe ka. Sai dai ka sayo ma tsohonka haƙora."

Yaran gareji suka fashe da dariya. Na naɗe takardata.

Ya ɗora moton a kan turmi, ya cire taya, ya sassauta ƙusoshin da ke maƙe da ƙafafun, ya zaro su ɗaya bayan ɗaya. Shi furshi yake ce masu, daga Faransanci. Wani yaronsa da ya yi koyo a Katsina shokazoba yake cewa, daga Ingilishi, Kawu kuma na gyara masa cewa amortisar na baya ne. Na rubuta duka uku. Abin da ke burge ni kullum shi ne yadda bakinmu ba ya barin baƙi biyu su haɗu a farkon kalma ba tare da ya cusa wasali a tsakani ba, kuma yakan liƙa ɗaya a ƙarshe: birki, furshi, kile. Har moto, da yake mace a Faransanci, da ya shigo gidanmu ya zama namiji, moton Baba muke cewa. Ina cikin wannan tunani Kawu ya kife ƙafar hagu a kan kwano.

Kusan ba abin da ya fito. Ɗigo kaɗan. Ta dama kuma ta zubo da wani baƙin abu mai wari, kamar kunun da ya kwana uku, da ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe a ciki.

"Ka gani? Ƙahwa guda ba ta da mai, guda na da laka. Da Allah kaɗai tsohonka ka tahiya."

Robar da ke hana mai fita, wadda yake kira juwan, ta tsage tuntuni. Ƙurar hunturu ta manne a jikin ƙarfe, tsatsa ta yi ƴan ƙuraje a kan sheƙin, kowane hawa da sauka suna yankar robar. Man ya tsiyaye a hankali, ƙura ta shanye shi, ba wanda ya lura. Ni ma na sha ganin danshin nan a ƙafar hagu, na ɗauka datti ne.

Daga nan ya baje kayan ciki a kan buhu. Ba su da yawa, abin har ya ba ni mamaki. Dogon resor, ɗan guntun bututu a samansa, sai wani siririn ƙarfe mai rami a tsakiya da ƴan huji a gindinsa. Ya ɗaga wannan na ƙarshe ya ce, "Wagga ita ce sarewa." Ya ce resor shi ka ɗaukar kaya, mai shi ka hana gaggawa. Na daɗe ina juya maganar nan, don duk abin da na karanta cikin dare goma yana cikinta. In taya ta hau dutse, resor ya matse. Da shi kaɗai ne, sai ya yi ta tsalle ba tsayawa. Amma kowane motsi dole ya tura mai ta cikin hujin sarewar, kuma mai ba ya wucewa da sauri. Shi ke cinye tsallen. In babu mai, ba abin da ke tare nutsewa sai ƙarfe ya daki ƙarfe. Ƙwas ɗin da na ji ke nan.

Wannan tsari yana da nasa aibi, kuma shi ya sa Turawan nan ke sayen bawul. Huji ba ya canza girma. In motsin a hankali ne, kamar lokacin kama birki, mai na wucewa ba wahala, gaba ya nutse. In kuma bugu ne mai sauri, kamar bakin rami, turjiyar takan ninka wajen sau huɗu duk lokacin da saurin ya ninka sau biyu, sai hannu ya ji duka. Wato laushi inda ake son ƙarfi, ƙarfi inda ake son laushi. Bawul ɗin na buɗewa ne in bugu ya yi yawa. Na yi wa Kawu wannan bayani ina jin kaina. Ya ce to, ya ji, amma ba a saida shi a Maradi, mu yi da abin da ke akwai.

Abin da ke akwai shi ne sabon resor, sabon juwan, mai, da tiyo.

Kafin komai ya mirgina ƙarafan biyu a kan gilashin tsohuwar taga don ya ga ko faɗuwar ta lanƙwasa su. Suka mirgina sumul. Ya goge ƙurajen tsatsar da takarda mai laushi. Da muka jera tsohon resor da sabo, tsohon ya gaza da kusan faɗin yatsa biyu, shekarun ɗaukar buhu sun danne shi. Sabon irin mai zobe biyu ne, wani ɓangare a matse, wani a buɗe. Matsattsen ke fara aiki a ƙananan gargada, in ya haɗe sai buɗaɗɗen ya karɓa da ƙarfi. A kan mai muka ɗan yi gardama. Da yawa man inji suke zubawa, 20W50, don shi ke kusa. Kawu ya aiki yaro har kasuwa ya samo man furshi na ainihi mai lamba 15W, ya fi na asali kauri kaɗan. Dalilinsa zafi ne. A watan Afrilu, in rana ta wuce digiri 40, mai na tsinkewa ya koma kamar ruwa. Ya zuba, ya yi ta hawa da sauka da ƙarfen har kumfa ta ƙare, sannan ya daidaita tsayin man a ƙafafun biyu da sirinjin allura da ɗan tiyon ƙarin ruwa. Iskar da ta rage a sama ma aiki take yi, in ji shi: in mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, gaban ya ƙi sauka.

Kuskurena a kan tiyo ne. Guntun bututun da ke saman resor, in aka ƙara masa tsawo, yana danne resor tun kafin a hau. Kawu ya yanko daga farin tiyon famfo. Na nace a sa dogo, don har yanzu kalmar tauri na kaina. Bai yi musu ba. Ya sa, ya ce in je in gwada a hanyar jan ƙasa. Ban yi kilomita biyu ba na juyo. Gaban ya ɗaga sama, kowace gargada sai ta bugi tafin hannuna, taya na tsalle tana barin ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa birki ba ya kama ta. Na dawo hannuwana na zugi.

"Yanzu tahi ka kira mai abu," in ji Kawu. "Ba kai ka hawa nai ba."

Baba bai so zuwa ba. Ina jin kunya ce, ko kuma ya riga ya sallama. Na ce, "Baba, ku taimaka ku zo, zama kawai za ku yi a kai." Ya zo da hannu rataye a wuya. Kawu ya ɗaure siririyar roba a jikin ƙarfen, daidai bakin juwan. Aka ɗaga gaban sama aka auna. Aka sauke, Baba ya zauna, aka ɗora buhun yashi a baya a madadin masara, muka riƙe moton ya ɗauke ƙafafunsa. Robar ta nuna iyakar inda gaban ya sauka. Abin da ake so, nauyin mai tuƙi ya cinye wajen kashi ɗaya cikin uku na tafiyar furshin. Kashi biyu su rage don rami da birki, ɗayan kuma don taya ta samu miƙewa ta bi ƙasa in hanya ta zurma. Da dogon tiyona ko rabin haka bai sauka ba. Kawu ya rage, aka sake. Ya ƙara ragewa, aka sake. Sau uku Baba na hawa yana sauka, tun yana ɗaure fuska har ya fara ba da umarni, wai a duba masa wuyan gido ma, yana jin sassauci. Aka duba, gaskiyarsa ne, aka ɗaure. A ƙarshe Kawu ya sa robar nan mai kama da zugazugi ta rufe ƙarafan saboda ƙura. Ta rage wa moton kyau, ni dai a ganina, amma ban ce komai ba.

Jika goma sha uku da ɗari biyar suka tafi. Kawu ya ƙi karɓar kuɗin hannu.

Bayan sati uku, da kafaɗa ta saki, na bi Baba a baya da moton yayana har Jiratawa. Ina kallon ƙafafun gaban suna aiki, suna shiga suna fita a natse. A daidai wurin da ya faɗi ya rage gudu, ya kama birki da gangan. Gaban ya sunkuya kaɗan, ya tsaya, ya dawo. Bai waiwayo ba, ya dai ɗaga hannun hagu ya ci gaba.

Inna ba ta gamsu ba har yau, kuma ba zan ce ba ta da hujja ba, sabon resor bai ƙara wa kowa ido ba. Sharaɗi ta kafa: buhu ɗaya tak, kuma magariba ta same shi a gida. Ya karɓa.

Da na koma Yamai na zauna shigar da kalmomin cikin jadawalina. Gida uku na tsara tun farko: daga Faransanci, daga Ingilishi, daga Larabci. Furshi, juwan, resor, kile, tiyo, duk suka samu wuri. Shokazoba ya samu. Sarewa ta rage a gefen shafi, kusa da tabon yatsana na baƙin mai, da alamar tambaya. Sai da na sake zana jadawalin da gida na huɗu.

Jiya na kira gida da la'asar. Ƙanwata ta ce Baba na garka, Inna kuma ta fito da tabarmarta bakin zaure tun ɗazu, wai iska take sha.