Mota a Sawun Raƙumi: Tafiya Cikin Duwatsun Abzin

Tsakanin Agadas da Timiya kimanin kilomita 220 ne, wato kusan nisan Kano zuwa Kaduna. Wanda ya saba da kwalta yakan dubi wannan adadi ya ƙiyasta awa uku, ya ƙara rabin awa domin sallah da cin abinci. Direban Agadas ba ya jayayya da shi. Yakan dai ce a fito da asuba, a ɗauki bargo, a cika jarkoki. In an yi sa'a a shiga lambunan Timiya kafin magariba. In ba a yi ba a kwana a hanya, kuma babu wanda zai kira wannan matsala.

Mutumin kudu in ya ji an ce Sahara, rairayi yake hangowa. Rairayin yana nan, amma can gabas, a Tenere. Abin da ke arewacin Agadas dutse ne: tsaunukan Abzin, waɗanda masu su ke kira Ayar, shimfiɗe a kan fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 84,000. Tudu ne mai tsakuwa, wanda manyan duwatsu baƙaƙe suka ɓullo a kansa rukuni-rukuni, wasunsu ragowar tsaunuka masu aman wuta ne da suka daɗe da mutuwa. Mafi tsawo yana kan tudun Bagzan, mita 2,022 sama da teku. Da rana dutsen yana ƙona tafin hannu, a watan Janairu kuwa dare kan yi sanyin da ruwan buta ke neman daskarewa. Ƙasar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, ko da bai taɓa taka ta ba. Gobirawa suna riƙe da tarihin cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu, da Hausa ake ciniki a kasuwar Agadas, kuma kantun gishirin Balma da aka sayar a Damagaram da Kano shekaru aru-aru ta hannun mutanen waɗannan duwatsu ya biyo.

Abu na farko da baƙo zai lura da shi bayan an bar gari shi ne ruwa ne ya zana hanyar, duk da cewa ba a ganinsa. Ruwan sama kaɗan ne a Abzin, daga Yuli zuwa Satumba, amma dutse ba ya shan ruwa. Duk ɗigon da ya sauka gangarawa yake yi zuwa kwari, irin kwarurrukan da a Nijar ake kira kori. A cikinsu ne yashi ya taru, a ƙarƙashin yashin ne danshi ke ɓuya, a bakinsu ne goriba da aduwa da ƙaya ke tsirowa, a nan aka haƙa rijiyoyi, a nan aka kafa ƙauyuka. Raƙumi ya bi kori domin a nan abincinsa yake. Da mota ta zo ba ta sami wata mafita ba, domin dama da hagu duwatsu ne da ko jaki sai ya zaɓi inda zai sa kofato.

Hanyar da ruwa ya zana kuwa ruwa na iya karɓe ta. Da damina ba a yin zango a tsakiyar kori, komai laushin yashinsa da daɗin inuwarsa, domin ruwan da ya sauka a kan wani dutse mai nisan kilomita da dama zai iya isowa cikin dare alhali sama tana cike da taurari. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa Abzin a 1850, ya rubuta yadda busasshen kwarin da ayarinsu ya sauka ya rikiɗe ya zama kogi mai tumɓuke itatuwa. A farkon Satumban 2009 korin Telwa ya fasa madatsarsa ya shiga Agadas, ya rushe dubban gidaje. Ko a shekarar da ba a yi ɓarna ba, kowace damina takan kwashe mashigin bara, ta tara duwatsu inda a da yashi ne. Na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam za ta faɗa wa matafiyi inda yake ba tare da kuskure ba. Layin da ke cikinta dai na bara ne.

Sai maganar taya, wadda ita ce rabin aikin tuƙi a wannan ƙasa. Mota mai jan ƙafa huɗu, wadda 'yan Nijar ke ce wa kat-kat, ba ta tafiya a yashi da taya mai tauri. Nutsewa take yi. Sai an rage iska sosai, tayar ta baje, ta shimfiɗu kamar tafin raƙumi, sannan nauyin motar ya rarrabu. A Tenere wannan ya wadatar, a rage sau ɗaya a yi ta tafiya. A Abzin kuwa bayan rabin awa a cikin yashin kori sai hanya ta haura kan tudu mai duwatsu masu kaifi, kuma tayar da ta baje gefenta ne ya fito fili, gefen nan kuwa shi ne wuri mafi rauni a jikinta. Hudar ƙaya a tafin taya ana liƙe ta. Yankan dutse a gefe ba ya liƙuwa. Saboda haka direba kullum yana cikin lissafi: a tsaya a ƙara iska a ɓata lokaci, ko a lallaɓa a hankali da fatan tudun gajere ne? Wanda ya san cewa bayan wancan baƙin dutse yashi zai dawo yana da amsa. Wanda bai sani ba caca yake yi da tayoyin da ba za a sami madadinsu ba sai an koma Agadas.

Sauran ƙa'idojin ma irin wannan ne. Yashi ya fi ƙarfi da safe, lokacin da sanyin dare bai sake shi ba, don haka wuri mai wuya da sassafe ake ƙetare shi. In mota ta kafe, abu na farko shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, domin kowane juyin taya ƙara haƙa rami yake yi har cikin motar ya zauna a ƙasa. Daga nan sai shebur da farantan ƙarfe da ake shimfiɗawa a gaban taya, da haƙuri. Mai yana tafiya a yashi fiye da yadda yake tafiya a kwalta, shi ya sa ba a auna shi da kilomita kaɗai. Kuma akwai dalilin da ya sa tsohuwar Land Cruiser ta fi sabuwar mota mai kwamfuta daraja a nan: abin da ya lalace a jikinta ana iya ganinsa da ido, a kwance shi da sifana, a ɗaure da waya har a isa gari. A gefenta sau da yawa akan ga salka a rataye, ruwan da ke tsatsafowa ta fatar yana bushewa a iska yana sanyaya na ciki. Dabara ce ta ayari, ta koma jikin ƙarfe ba tare da an canza mata komai ba.

Ba salkar kaɗai aka gada ba. Kowace kaka, wajen watan Oktoba, Abzinawan Kel Ewey na yankin Timiya sukan haɗa raƙuma su ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, su kai gero su ɗauko gishiri da dabino. Jagoran wannan ayari da sunan Hausa suke kiransa, madugu. Shi ne ya san wace tauraruwa ake sa wa a gaba a wane sashe na dare, ya san yadda iska ke kwantar da rairayi, ya san rijiyar da ke ƙafewa da wuri. Direban kirki a Abzin magajin wannan mutum ne, wani lokaci ma ɗansa ne ko jikansa. Baƙo mai gaggawa yakan ƙosa in ya ga an tsaya a bakin rijiya, an yi doguwar gaisuwa da makiyayi, an hura gawayi, an ɗora shayi, an sha na farko, ana jiran na biyu da na uku. In ya yi ƙorafi, abin da zai ji bai wuce “Malam, a yi haƙuri, hanya muke tambaya” ba. Kuma gaskiya ce. A cikin wannan hira ake jin wane mashigi ruwa ya cinye, wace mota ta wuce shekaranjiya, su wane ne a cikinta, kuma ko ta dawo.

Ba daidai ba ne a ɗauki motar a matsayin mai ɓata ƙasa kawai, kamar yadda wasu masu begen zamanin raƙumi ke yi daga nesa. Albasar Tabelot da lemon Timiya da rummaninta a mota suke isa kasuwa kafin su lalace, kuma mace mai naƙudar da ta gagara a ƙauye ba ta da abin da ya fi mata ƙarar injin daɗin ji. Sai dai akwai abin da aka biya. Jimina ta ƙare a dajin Abzin, farar barewar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ke rayuwa a Tenere ta kusa ƙarewa, kuma farauta da mota na cikin manyan dalilai: dabba ba ta iya tsere wa abin da ba ya gajiya. An ayyana yankin a matsayin gandun da aka kare a 1988, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, bayan shekara guda kuma ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. A gefen hamada, inda mutanen da suka rayu lokacin da Sahara take da tafkuna suka bar kibiyoyin dutse da duwatsun niƙa a fili, abin da ya shekara dubbai a wurinsa yakan shige aljihun mai yawon buɗe ido cikin minti ɗaya. Labarin da kowa ya sani shi ne na itacen Tenere, ƙaya guda tilo da ayari ke auna hanya da ita, wadda saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 neman ruwa. A 1973 wata babbar mota ta buge ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Gudu ma yana ɓoye abubuwa. A Dabus, ba nisa da hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya kai mita 5.4, amma sai a 1987 masana na waje suka rubuta labarinsu. Kangon Asode, tsohon birnin da ya mutu bayan yaƙin Kawsan da Faransawa na 1916 zuwa 1917, daga tagar mota tarin duwatsu ne kawai a cikin duwatsu. Sai an sauka an taka ake gane bango da ƙofa da masallaci. Bagzan kuwa hanyarsa ta gado ta ƙafa ce da jaki. Motoci sun shafe shekaru da dama suna yawo a Abzin suna tsayawa a gindinsa, suna jiran dankalin da aka noma a sama ya sauko musu a kan dabba.

Wa ke hayar wannan ilimi na hanya? Amsar tana canzawa da zamani. A shekarun 1980 Turawa ne, lokacin da tseren motoci na Paris zuwa Dakar ke ratsa Agadas, kuma Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa yanzu, ya kafa kamfanin kai baƙi cikin hamada. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya dakatar da harkar, ta farfaɗo, sannan na 2007 zuwa 2009 ya zo da nakiyoyin da aka binne a hanyoyin Abzin. A wancan lokaci bin sawun motar da ta wuce lafiya, taya a kan taya, shi ne ke raba mai rai da gawa. Masu yawon buɗe ido ba su dawo da yawansu na da ba, kuma baƙon waje a yau sai da izini da rakiyar sojoji yake shiga. Direbobin ba su manta hanya ba. Kaya ne ya canza. Wasu sun koma jigilar masu haƙar zinariya bayan an gano ta a Jado a 2014, wasu ɗaukar matafiya zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta wannan, aka kuma soke dokar a Nuwamban 2023. A tsakanin waɗannan shekaru takwas, gudun haɗuwa da jami'an tsaro ya sa motoci kauce wa sanannun rijiyoyi, wato suka bar hanyar da madugai suka shimfiɗa domin a tsira.

Abin da ke faruwa in mota ta mutu nesa da ruwa ba sai an yi hasashe ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar da ke arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. Akasarinsu mata ne da yara, da yawa daga yankin Kance a kudancin Nijar. Ƙishirwa ce ta kashe su, wasu bayan sun yi tafiyar kwanaki a ƙasa suna neman rijiya.

Shi ya sa tsofaffin direbobi ba sa yarda a shiga wuri mai nisa da mota ɗaya, komai sabuntarta, kuma in ta lalace ba sa barin kowa ya rabu da ita ya kama tafiya da rana, domin mota ana hango ta daga nesa, tana da inuwa, mutum a ƙasa kuwa ɓacewa yake yi tsakanin duwatsu. Ruwa ana lissafa shi har da na kwanakin da ba a yi niyyar yi ba. Kafin a tashi kuma sai an bar saƙo wurin wani a gari: ta kori kaza za a bi, a rijiya kaza za a kwana, in Alhamis ta wuce ba a ji labari ba, a ɗauko mota a biyo sawu.